Sharhi: Takardar Aikin Aji da Garin da Muke Ciki

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi takardar nan da malami kan raba wa ɗalibai bayan ya kammala darasi, wadda ake cike gurbi a cikinta ko a zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu. Ba mu ja da amfaninta, domin malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai iya bin kowane yaro da tambayar baka ba. Abin da ke damunmu shi ne, sau da yawa kwafo ta ake yi daga wani wuri a kai shago a buga, har yaro ya gama zango bai ci karo da sunan garinsu a ciki ba, alhali a Zariya yake zaune.

Mu ɗauki nahawu, wanda yara suka fi kuka da shi. Maimakon a haddace musu ƙa'idar jinsi, a rubuta musu Ƙofar Doka, da ganuwar Zazzau, da masallacin Juma'a, da dutsen Kufena, sannan a tambaye su abin da ya sa wasu suka ƙare da "r" wasu da "n". Yaron da ya gano da kansa cewa ƙofa mace ce, dutse kuwa namiji, da wuya ya manta. A nan ma za a nuna masa cewa lanƙwasar da ke kan harafi ba ado ba ce, tunda kafa daban, ƙafa daban.

Masallacin nan kaɗai ya isa darasi biyu. Malamin tarihi zai faɗi cewa Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Malamin zane kuwa sai ya sa ɗalibai su zana bakan gizon da ke riƙe da rufinsa, su kuma tambayo magina yadda ake jera azara a cikin ƙasa har ta ɗauki nauyi. Ba baƙon abu ba ne a garin nan. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Samaru, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan cewa mai zane ya haɗa dabarar da aka koya masa da fasahar gidansu.

Adabi ma haka. Daga Hukumar Talifi ta Zariya gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta fito, a nan kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta. Amma mun mai da wannan gado jerin sunayen da za a zaɓa a jarrabawa. Da za a bar rabin shafi fari, a ce wa ɗalibi ya rubuto tatsuniyar da kakarsa ta ba shi, da an ga mai ƙoƙari.

Mun san gyaran irin wannan aiki ya fi cin lokaci, kuma malami ɗaya ne ke fama. Saboda haka muke kira ga shugabannin makarantu da su ware wa malaman darussan nan huɗu zama guda a farkon kowane zango, su tsara takardunsu tare.