Kafin dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa: lacca ga sababbin zuwa Bafalo

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, na ga fuskoki da yawa da wannan ne sanyinsu na farko a garin nan na Bafalo da ke jihar New York ta Amurka, to da ku zan fi yin magana. Tsofaffin zuwa ku yi haƙuri, maimaici ne a wurinku.

Ranar 23 ga Disamba 2022 Juma'a ce. Da asuba ruwan sama ake yi, mutane suka shirya suka fita aiki, wasu suka tafi cefane. Kafin hantsi ya dubi ludayi gari ya juye. Iska ta haura mil 70 a awa, dusar ƙanƙara ta cika sararin sama har mutum ba ya ganin hannunsa in ya miƙa shi. Hukumar gundumar Eri ta hana tuƙi da ƙarfe 9:30 na safe, amma a lokacin mutane da yawa sun riga sun hau hanya. Sai da aka shafe awa 37 iskar da dusar ƙanƙarar ba su lafa ba. A filin jirgin sama an auna ƙanƙara sama da inci 50, wato ta kai ƙirjin babban mutum. Rayuka 47 suka salwanta a yankin nan. Allah ya ji ƙan namu.

Dalilin da ya sa garin nan ya fi makwabtansa shan wannan wahala shi ne tafkin Eri. Iska mai tsananin sanyi takan taso daga Kanada ta bi ta kan ruwan da bai daskare ba, ta kwashi danshi, ta zo ta juye mana. Shi ya sa za ka ga unguwa ɗaya ta nutse, wata kuma can gaba kaɗan rana take haskawa. Kada ɗan'uwa ya kira ka daga wani gefen gari ya ce hanya lafiya, ka ɗauki makulli.

Ku duba inda aka tsinci waɗanda suka rasu. Wasu a kan titi, sun bar mota sun ce za su ƙarasa gida da ƙafa. Wasu a cikin mota. Wasu a ɗaki babu wuta babu ɗumi. Wasu zuciya ce ta tsaya suna kwasar ƙanƙara da shebur, wasu kuma an kira lambar gaggawa ta 911 amma motar asibiti ta kasa isowa, domin ita ma ta maƙale.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da mu musamman. A gida, in hunturu ya kankama, tsohuwa takan zuba garwashi a kasko ta shiga da shi ɗaki. Mun taso muna gani, ba mu ɗauke shi komai ba, ko da yake can ma yana kashewa. Ɗakunan nan kuwa an gina su ne don kada iska ta shiga. Gawayi, murhun gas da aka bari a kunne don jin ɗumi, janareta a gareji, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai za ka fara ji, sai jiri, sai barci, daga nan shi ke nan. Hajiya, na ga kina murmushi, na san buhun gawayin turaren wuta yana nan a kicin. Na turare ne, a bar shi a na turare. Janareta a waje ake ajiye shi, ƙafa 20 daga gida, nesa da taga. Kowane gida ya zama da na'urar da ke ƙara in wannan iska ta taru, a kuma gwada batirinta yau. In ƙanƙara ta yi tudu, a leƙa bututun da hitar gida ke fitar da hayaƙi, a share bakinsa.

Haka mota. In ka maƙale, zauna ciki. Fita ka share bakin salansa, ka kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi. Bargo, ruwa, tocila, shebur da cajar waya su zauna a but daga yanzu har Afrilu, tanki kuma kada ya sauka ƙasa da rabi.

A waya za ku ga kalmomi biyu daga hukumar yanayi. In an ce watch, abu na iya zuwa, lokacin cefane ne: abincin kwana uku da ba sai an dafa ba, madarar jarirai, maganin hawan jini da na siga. In an ce warning, ya iso ko yana bakin ƙofa. In kuwa aka hana tuƙi, doka ce. Direbobinmu masu ɗaukar fasinja da masu kai saƙo, na san a irin ranakun nan kuɗi ke tashi. Motarka ɗaya da ta tsaya a tsakiyar layi ita za ta tare motar share hanya, bayanta kuma motar asibiti. Ku karanta allunan fakin na layinku ma, domin dokarsu takan canja da sanyi, a ja motar mutum ya biya tara.

Wani zai ce Juma'a fa? Ya tabbata cewa Ibn Abbas, a ranar Juma'a mai ruwa da taɓo, ya umarci ladaninsa ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu. Ruwa da taɓo ke nan, ina ga abin da muka gani a 2022.

Wanda kuɗin ɗumama gida ya fi ƙarfinsa, akwai tallafin gwamnati mai suna HEAP, kuma in ka kira 211 za a faɗa maka inda aka buɗe wurin fakewa. Ga takarda nan a bakin ƙofa. Duk wanda ya san tsoho, ko mai ciki, ko wanda ke zaune shi kaɗai, ya rubuta layin da yake, mu raba su a tsakaninmu kafin mu tashi. Alhaji, ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismilla.