Wane ne ya ɓace? Tambayar ita ce tarkon

[Faifan yana juyawa a hankali]

Ku ƙirga su. Mutum 13. A ɗan juya faifan tsakiya, ku sake ƙirgawa. Sun koma 12. A mayar da shi, ga 13 kuma.

Sam Loyd, wani Ba'amurke gwanin haɗa wasannin ƙwaƙwalwa, shi ya fito da wannan kati a 1896. Mayaƙan Sin ne riƙe da takubba sun kewaye duniya, wani sashe na jikin kowannensu a kan faifan da ke juyawa, sauran a kan katin da ba ya motsi. Zanen dai na izgili ne irin na wancan zamani, ba abin yabo ba ne. Dabarar ce ta kawo mu.

Kowa tambayarsa ɗaya: wane ne ya ɓace? Wani ya ce na ƙasa ne, wani ya rantse na hagu ne. To, nan aka kama ku. Loyd da kansa ya buga tambayar a jikin katin, don ya san wanda ya shiga neman mutum ɗaya zai kwana yana nema.

Mu ajiye mutanen tukuna. A kawo takarda da rula.

[Hannu yana zana layuka]

Layi 10 a tsaye, tazara ɗaya, kowanne tsawonsa santimita 9. Yanzu a yanka takardar a karkace, daga gindin layin farko zuwa kan layin ƙarshe. Ku lura sosai. Layin farko gaba ɗayansa yana sama da yankan, na ƙarshe gaba ɗayansa yana ƙasa. Na tsakiya kuwa kowanne ya rabu biyu: na biyu ya bar santimita 1 a ƙasa, na uku 2, na huɗu 3, haka har ƙarshe.

A zame ɓangaren ƙasa zuwa hagu, a bi karkatar yankan, tazarar layi ɗaya kacal.

Ƙirga. Layi 9.

Kada ku yi sauri, a ɗora rula. Layin farko da ma yana da 9, ya karɓi 1 daga maƙwabcinsa, ya zama 10. Na biyu ya ba da 1, ya karɓi 2, shi ma 10. Na uku ya ba da 2, ya karɓi 3. Kowa ya ba da kaɗan, ya karɓi abin da ya fi shi da santimita 1. Da farko layi 10 sau 9, jimla 90. Yanzu layi 9 sau 10, jimla 90. Ko ɗigon tawada bai tafi ko'ina ba. Kamar mahauci ne ya wargaza kashin nama goma ya sake kasa su tara, sai ka zo kana tambayar wane kashi ne ya tafi.

[A koma kan mayaƙan, a matso kusa]

Haka abin yake a nan. Mutum 12 ɗin ba su ne na ɗazu ba, kowanne ya samu ƙarin ƙafa, ko hannu, ko guntun takobi. Ido ba ya auna tsawo, kawuna yake ƙirgawa. A ganina gwanintar Loyd a zanen take, ba a lissafin ba: yadda kowace gaɓa ta dace da ta maƙwabci a duk inda faifan ya tsaya. Martin Gardner, marubuci kan wasannin lissafi, ya warware irin waɗannan wasanni a littafinsa na 1956.

[Bidiyon cakulan]

Shi kuma cakulan ɗin nan da ake yankawa, a sake jerawa, a ce an samu ƙarin guntu ɗaya, duk kanwar ja ce. Ku dubi jerin da wuƙa ta ratsa, ya gajarta. A wasu bidiyoyin ma, guntayen ƙara tsawo suke yi a ɓoye yayin da suke zamewa. Ga shi nan, mun rage gudun hoton. Ku zuba ido a kan gefen yankan.