Sanduna ba su faɗi ba, me ya sa aka fitar da ita?

Jama'ar Kano, barkanku da warhaka. Tun da bidiyon yarinyar nan 'yar Ruwanda ya dawo yana yawo a WhatsApp, tambaya ɗaya ake ta turo mana daga Fagge har Gwale: an ce a wasan kurket ta fitar da mutum huɗu da jifa huɗu a jere, amma sau uku muka ga sanduna sun watse, ina ɗayan?

Sunanta Henriette Ishimwe. An haife ta a 2003. Tana da shekara 15 ta fara buga wa ƙasarta wasan kurket, kuma da Najeriya ta fara karawa, a Abuja, a 2019. Wannan da kuke kallo gasar cin kofin duniya ce ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19, a Afirka ta Kudu, cikin Janairun 2023. Ruwanda da Zimbabuwe.

Ga jifan farko. Ƙwallo ta wuce mai bugu, ta daki sandunan nan uku da take karewa. Ta fita, ba gardama.

To, ga jifa na biyu, inda ake ruɗewa. Mu rage gudun hoton.

Ku bar kallon sanduna, ku kalli ƙafar mai bugu. Ƙwallo ta dira a ƙasa, ta taso, katakon bugu bai taɓa ta ba, sai ta daki makarin ƙwaurinta. Ku tsaya nan. Da a ce ƙafar ba ta wurin, ina ƙwallon za ta nufa? Kan sanduna. Dokar kurket ta ce da katako ake kare sanduna, ba da jiki ba. Ku ɗauka ɗan bayan Pillars ne ya sa hannu ya tare ƙwallo a bakin raga: ba ta shiga ba, amma kowa a filin Sani Abacha ya san akwai hukunci. Wannan dokar ce ake kira LBW a kurket, wato ƙafa a gaban sanduna.

Amma ba duk dukan ƙafa ne ke fitar da mutum ba. In ƙwallo ta fara taɓa katako, babu laifi. In ta dira a wajen layin sanduna ta ɓangaren ƙafafun mai bugu, ko da za ta daki sandan tsakiya, babu laifi. Kuma alƙali ba ya magana sai an roƙe shi. Kun ji ihun nan da 'yan Ruwanda suka yi gaba ɗaya, hannuwa sama? Ba murna ba ce tukuna, ƙara suke kaiwa. Ga amsar: yatsa ɗaya sama. Ta fita.

Ni dai a ganina cikin huɗun wannan ya fi nuna gwaninta, domin sai mai saiti ke sa abokiyar karawa ta rasa abin karewa sai ƙafa.

Na uku, sanduna. Na huɗu, sanduna, wasa ya ƙare. Zimbabuwe ta tsaya a maki 80, Ruwanda ta yi nasara da ratar 39, nasararta ta farko a gasar duniya.

Bayan wata biyu Henriette ta zo Legas wata gasar, kuma hukumar kurket ta duniya, ICC, ta zaɓe ta gwarzuwar watan Maris na 2023 a ɓangaren mata.