Gudun taswira a daji, wasan da ɗan shekara 80 ke shiga gasar duniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan kalli dattijon nan da ke fitowa daga cikin bishiyoyi, kai fari fat da furfura, tabarau a ido, takarda naɗe a hannu yana sassarfa. Ba ɓata ya yi ba fa, gasa yake, kuma irinsa suna da yawa a ƙasashen Suwidin da Norwe da Finlan. Wasan nan Turawa na ce masa oriyantirin, mu dai bari mu kira shi gudun taswira don bakinmu ya huta.

Toh ya ake yi? Za a ba ka taswira a daidai lokacin da za ka tashi, ba ka taɓa ganin hanyar ba, sai kamfas ɗinka mai nuna arewa da wata 'yar na'ura da ake saƙalawa a yatsa. A jikin taswirar akwai alama mai kusurwa uku, nan ne mafari, sai da'irori masu lamba 1, 2, 3 har zuwa ƙarshe inda za ka ga da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya. Kowace da'ira akwai 'yar tuta fara da ruwan lemo a wajen, wata a bayan dutse, wata a cikin kwari, kana zuwa sai ka taɓa na'urarka a jikin akwatin da ke wurin ta ɗauki lokacinka. Dole ka bi su a jere, ka tsallake ɗaya an soke ka shikenan. Kuma ba tare ake sakin mutane ba, ɗaya bayan ɗaya ne da tazarar mintoci, don kar wani ya liƙe wa wani.

Amma hanyar da za ka bi daga tuta zuwa tuta, wannan kai ya shafa. A nan daɗin wasan yake.

Ku dubi taswirar nan da kyau. Fari ba fili ba ne, daji ne da za ka iya gudu a ciki, fili shi ne rawaya. Kore kurmi ne, iya duhun koren iya wahalar ratsawa. Shuɗi ruwa da fadama, baƙi duwatsu da hanyoyi da gine-gine, layukan nan ruwan ƙasa kuma su ke nuna tudu da gangare. Yanzu daga tuta ta 4 zuwa ta 5, saurayi mai jini a jika zai ce bari in miƙe kai tsaye, ya afka kore, ya hau tudu, numfashi ya ƙare, kai ya ɗau zafi ya wuce tutar bai sani ba ya yi minti biyar yana kewaye waje ɗaya, shi kuwa dattijo ya tsaya daƙiƙa goma ya karanta ƙasa, ya zagaya ta 'yar hanyar nan ta gefen rafi, ya shigo ta bayan dutsen, ya taɓa ya wuce abinsa. Hanyarsa ta fi tsawo amma ya riga zuwa. Wallahi ni abin da ya sa nake ƙaunar wasan nan kenan, shekarun da suka rage maka ƙarfin gwiwa su ne suka koya maka haƙurin karatun ƙasa.

Asalin abin horon soja ne a ƙarshen ƙarni na 19, a 1897 aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe kusa da Oslo, daga baya wani Manjo Ernst Killander na Suwidin ya yaɗa shi tsakanin matasa. Hukumar wasan ta duniya an kafa ta 1961. Yau a Suwidin akwai O-Ringen, gasar kwana biyar da ake yi tun 1965, mutane sama da dubu goma, kaka da jika tanti ɗaya suke kwana, da safe kowa ya tafi ajinsa.

Maganar aji, nan ne aka yi wa tsofaffi adalci. Gasar duniya ta manya ana yin ta duk shekara, daga shekara 35 ake shiga, kuma duk shekara biyar aji ne, 35, 40, 45, haka har 85 da 90, maza daban mata daban. Ɗan 70 da 'yan 70 zai kara. Ana rage musu tsawon hanya da hawan tudu, amma ba a sauƙaƙa wahalar gano tutar ba, don ba kai ne ya tsufa ba, ƙafa ce. Har taswirar ana ƙara mata girma, maimakon santimita 1 ta zama mita 100 sai ta zama mita 75, saboda in mutum ya haura 40 ƙananan rubutu sai ya fara gagarar ido. Shi ya sa za ku ga wasu da tabarau mai rabin gilashi, ƙasa na karatun taswira sama na kallon daji, wasu kuma gilashin ƙara girma ne maƙale a kamfas ɗin.

Me jiki ke samu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wanda ya kai 65 kuma ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako saboda faɗuwa, kun san yadda karayar ƙugu ke kwantar da tsoho. Toh taka saiwa da dutse da laka ai atisayen kenan, idon sawu da gwiwa kullum suna gyara kansu. Ƙwaƙwalwa ma na aiki, a 2023 masu bincike a jami'ar McMaster ta Kanada sun samu cewa waɗanda suka ƙware a wasan sun fi bayyana cewa suna iya gane wuri da tuna hanya. Ban ce maganin mantuwa ba ne, amma mu da muka miƙa wa waya aikin nemo hanya ya kamata abin ya tsaya mana a rai.

Akwai haɗari kam. Targaɗe shi ne kan gaba, da yawa sai sun ɗaure idon sawu kafin su fita, ga kaska a dazukan arewacin Turai mai sa cuta, shi ya sa ake rufe ƙafa da dogon wando ana dawowa a duba jiki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya don Allah ya ga likita tukuna. Kuma ba dole sai gudu ba, da yawa cikin 'yan 80 ɗin nan tafiya suke da sauri. Doka ɗaya ce ba wasa, ko ka fasa a tsakiya sai ka je ka sanar a wajen ƙarewa, in ba haka ba mutane za su bazama daji nemanka.

Ga dattijonmu can ya iso, ya miƙa na'urar, inji ya fito masa da 'yar takarda mai lokacin kowace tuta. Ku ga ko zama bai yi ba ya nufi sa'anninsa, kowa ya baje taswira a kan ciyawa ana nuni da yatsa, ana musun wa ya bi ta fadama wa ya zagaya a tuta ta 7. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.