Amsoshin Tambayoyinku: Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Labarin Rabi

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Damagaram. Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah a unguwar Birni, tana neman tarihin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta ce ta fara karanta littattafanta ne a ɗakin yayarta mai sayo su daga Kano.

To malama, an haifi Hajiya Balaraba a Kano a shekarar 1959, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban Najeriya da aka kashe a 1976. Tun tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren kuwa bai yi ƙarko ba, sai daga baya ta shiga ajin manya ta ci gaba da karatu. Wannan ciwo da ta ɗanɗana shi ne ya fito fili a littafinta Wa Zai Auri Jahila?, inda yarinya Abu ta gudu daga gidan tsohon da aka aura mata, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafafunta.

Wani malamin makaranta kuma daga Mirriya ya tambaya, tunda ana ce wa irin littattafan Hajiya Balaraba littattafan soyayya, ina soyayyar take a cikin littafinta Alhaki Kuykuyo Ne? Malam, tana nan, amma a ganina ba a bakin saurayi da budurwa take ba. Tana wurin Rabi, matar da Alhaji Abdu ya kora da ƴaƴa tara bayan ya yi amarya, ta ɗora tukunya tana sayar da abinci domin ta ciyar da su, su kuma ci gaba da karatu. Duk wanda ya ga matan da ke kwasar tuwo a bakin Kasuwar Dole, hayaƙi na cin idonsu, goyo a baya, ya san Rabi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ƙarshen labarin, lokacin da gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, dangi suka matsa wa Rabi ta koma masa. Marubuciyar ba ta ɓoye cewa ba da son ranta ta koma ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa nake girmama alƙalaminta. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya.

Sauran wasiƙu sai bayan ɗan hutu.