Gwanjon Kalmomi: Yadda Tallan Shafin Bincike Ya Faro Daga GoTo.com

Jama'a, assalamu alaikum. Idan aka ambaci tallan da ke fitowa a saman shafi bayan mutum ya nemi wani abu a intanet, Google ne ke fara faɗo wa yawancinmu a rai, alhali kuwa ba shi ne ya assasa wannan sana'a ba. Wanda ya kafa ta shi ne Bill Gross, mai kamfanin Idealab da ke Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya fito da shafin GoTo.com a 1998.

Dabarar Gross tana da sauƙin fahimta, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Kowace kalma da mutane ke nema, kamar "inshora" ko "tikitin jirgi", sai ya mayar da ita haja a kasuwar gwanjo. 'Yan kasuwa za su taya, wanda tayinsa ya fi tsoka shi ne zai zauna a sama, kuma ba zai biya ko sisi ba sai an latsa tallansa. A lokacin, ana iya fara tayi da senti ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne, GoTo yana rubuta kuɗin da kowane mai talla ya taya a gefen sunansa, kowa yana gani. Kafin nan, kamfanin Open Text ya gwada sayar da gurbi a sakamakon bincike a 1996, amma masu amfani da intanet suka yi masa ca, dole ya janye.

GoTo ya sauya suna zuwa Overture a 2001, yana samar da talla ga manyan shafuka irin su Yahoo da AOL.

To, ina Google ya shigo? Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, sun rubuta a 1998 cewa shafin binciken da ya dogara da talla zai karkata ga masu biyan kuɗi. Duk da haka, a watan Oktoba na 2000 suka buɗe AdWords, tsarin tallan Google, inda ake biya gwargwadon yawan nuna tallan. Sai a watan Fabrairu na 2002 suka koma tsarin biya bayan latsawa, tare da ƙari guda mai nauyi: kuɗin tayi kaɗai ba ya kai mutum sama, sai an haɗa da yawan masu latsa tallan nasa. A ganina, wannan ƙarin ne ya raba gardama, domin tallan da mutane ba sa so yakan nutse ko da mai shi attajiri ne.

A shekarar 2002 ɗin ce AOL ya bar Overture ya koma wurin Google, Overture kuma ya maka Google a kotu kan haƙƙin mallakar fasaha. Yahoo ya sayi Overture a 2003 a kan kusan dala biliyan 1.63, sannan a 2004 aka sasanta ƙarar bayan Google ya ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7.