Saƙar da Ake Dasawa a Gwiwa Domin Guringuntsi Ya Tsiro

Masu kallo, duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa wurin maɗori a Garwa ko Marwa bayan hatsarin babur ya san cewa ƙashi, idan aka daidaita shi aka ɗaure, yakan haɗe cikin 'yan makonni. Guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa a cikin gwiwa kuwa ba haka yake ba. Kaurinsa galibi milimita 2 zuwa 4 ne kawai, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya da ta ratsa shi, saboda haka idan ya gutsure babu hanyar da kayan gyara na jiki za su bi su isa wurin. Tun a 1743 likita William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake.

A 1994 wasu likitoci a birnin Gotenbog na ƙasar Suwidin, ciki har da Mats Brittberg da Lars Peterson, suka bayyana wata dabara: a yanko ɗan guringuntsi mai lafiya daga gwiwar majiyyaci, a rena ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaji har su yawaita, sannan a mayar da su cikin ramin. Matsalar ita ce ƙwayoyin suna cikin ruwa, kuma ruwa ba ya zama a gaɓar da ke motsi. Suna buƙatar abin da za su manne a jikinsa.

Wannan abin shi ne saƙar da muke magana a kai. Ku ɗauki soson wanka ku duba yadda ƙofofinsa suke sarƙe da juna. Haka ake ƙera ta, sai dai ƙofofin nata ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin halitta su shiga su zauna, su fara fitar da nasu sinadarin da zai zama sabon guringuntsi, saƙar kuma ta riƙa narkewa a hankali. A nan ne gwanintar take, domin idan ta narke da wuri sabon naman zai rushe, idan kuma ta daɗe za ta tare masa wuri.

Aikin ya fi wuya idan raunin ya nutsa har cikin ƙashi. Ƙasan ramin yana son abu mai tauri, mai sinadarin kalsiyam da faffaɗan ƙofofin da jini da ɓargo za su ratsa, samansa kuwa yana son abu mai laushi da santsi. Shi ya sa ake yin saƙa mai hawa biyu ko uku. Akwai wadda aka sassaƙa daga murjanin teku, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2022.

Akwai wani batu da ya kamata majiyyaci Musulmi ya sani. Saƙar MACI, wadda hukumar ta amince da ita a 2016, daga kolajin (sinadarin da ke riƙe fata da nama) na jikin alade ake yin ta, kuma haƙƙinsa ne a gaya masa kafin tiyata.

Wannan magani na rami ne mai iyaka, irin wanda matashi ɗan ƙwallo ke samu. Gwiwar dattijo da amosanin gaɓɓai ya cinye gaba ɗaya ba ta cikin wannan lissafi. Wanda aka dasa wa kuma zai yi makonni yana dogara sanda, sannan watanni yana motsa gaɓar a hannun ƙwararru kafin ya koma fili.